Gasar giyar gida

Gasar giyar gida wata gasa ce da masu dafa giya a gidajensu, ba don sayarwa ba, suke aika kwalaben abin da suka haɗa zuwa ga alƙalai domin a ɗanɗana, a ba shi maki, a kuma rubuta musu sharhi. An fi yin ta a Amurka, inda ta samu tsarin da ake bi a yau, sannan ta yaɗu zuwa Kanada, Birtaniya, Ostareliya, Brazil, Ajantina, Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe. Alƙalan ba su san mai giyar ba, lamba kawai suke gani a jikin kwalba. Kuma ba daɗin giyar kawai ake tambayarsu ba. Abin da ake nema a wurinsu shi ne su auna ta da siffofin nau'in da mai ita ya ce ya dafa. Wannan ne ya sa giya mai daɗin gaske take iya faɗuwa idan aka shigar da ita rukunin da ba nata ba.

Tarihi

Daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta haramta yin barasa da sayar da ita. Bayan an soke haramcin, an bar mutum ya yi giyar inabi a gidansa, amma dokar ba ta ambaci giyar hatsi ba, don haka dafa ta a gida ya ci gaba da zama laifi fiye da shekara 40. Duk da haka mutane ba su daina ba. A 1974 aka kafa ƙungiyar Maltose Falcons a Los Angeles, wadda ake ɗauka ita ce mafi daɗewa cikin ƙungiyoyin masu giyar gida a ƙasar. A ranar 14 ga Oktoba 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta halatta yin giya a gida, ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairu 1979. Dokar ta ƙayyade galan 100 a shekara, wato kusan lita 379, ga gidan da ke da baligi ɗaya, da galan 200 ga gidan da ke da biyu ko fiye. A Birtaniya an riga an cire wajabcin lasisi tun 1963, lokacin da Reginald Maudling yake ministan kuɗi.

A 1978 ɗin ne Charlie Papazian da Charlie Matzen suka kafa American Homebrewers Association, wato AHA, a garin Boulder na jihar Colorado, tare da mujallarta Zymurgy. A 1979 ƙungiyar ta shirya gasarta ta ƙasa ta farko, National Homebrew Competition, da giya 34 kacal. Daga baya ta zama gasar da ake shigar da dubban giya a kowace shekara.

Matsalar gasannin farko ita ce ba su da ma'auni ɗaya. Kowane alƙali da abin da yake so, mai giya kuma ba ya sanin dalilin da ya sa ya ci ko ya faɗi. Abubuwa biyu suka kawo gyara. Na farko shi ne rarraba giya zuwa nau'o'i, wanda marubucin Ingila Michael Jackson ya yaɗa a littafinsa The World Guide to Beer na 1977. Na biyu shi ne kafa Beer Judge Certification Program, wato BJCP, a 1985, da haɗin gwiwar AHA da Home Wine and Beer Trade Association, domin horar da alƙalai da yi musu jarrabawa. Tun 1995 BJCP take zaman kanta.

Matsayin doka

Dokar tarayyar Amurka ta hana sayar da giyar gida, amma ta yarda a fitar da ita daga gida domin gasa, baje koli ko taron ɗanɗano. Sai dai kowace jiha tana da tata dokar. Alabama da Mississippi su ne na ƙarshe da suka halatta giyar gida, a 2013. A Oregon kuwa, a 2010 an fassara wata tsohuwar doka da cewa ba a fita da giyar gida daga inda aka dafa ta, wanda ya sa aka soke gasar da aka saba yi a bikin baje kolin jihar, har sai da majalisa ta gyara dokar a 2011. A Japan laifi ne yin abin sha mai barasa fiye da kashi 1 cikin 100 ba tare da lasisi ba. A ƙasashen da suka haramta barasa, kamar Saudiyya, dafa giya a gida laifi ne da ake hukuntawa.

Nau'o'i da rukunai

Yawancin gasanni suna amfani da kundin siffofin giya na BJCP, wanda aka sabunta a 2008, 2015 da 2021. Bugun 2021 ya kasa giya gida 34, kowanne da ƙananan rukunai masu lamba da harafi. Misali, 1A ita ce laga marar ƙarfi ta Amurka, 10A ita ce Weissbier, giyar alkama ta Jamus, 21A kuma IPA ta Amurka. Giyar zuma da giyar tuffa suna da nasu kundin dabam. A ƙarƙashin kowane nau'i an bayyana ƙamshin da ake tsammani, da launi, ɗanɗano, nauyinta a baki, ɗan tarihinta, da wasu alƙaluma. Daga cikinsu akwai ABV na yawan barasa, IBU na ɗaci, da SRM na duhun launi. IPA ta Amurka, alal misali, ana sa ran barasarta ta kama daga kashi 5.5 zuwa 7.5, ɗacinta kuma IBU 40 zuwa 70, alhali 1A ba ta wuce kashi 4.2 da IBU 12 ba. Ba a auna waɗannan alƙaluma a wurin gasa. Alƙali da hancinsa da harshensa yake aiki, saboda haka abin da ya ji shi ne abin da zai rubuta.

Rukunan ƙarshe na kundin na giyar da aka ƙara wa wani abu ne: 'ya'yan itace, kayan yaji, hayaƙi, ko ajiya a gangar itace. Rukuni na 31A ya tanadi wuri ga giyar da aka yi da wani hatsi dabam, ciki har da dawa da gero, waɗanda masu gudun sinadarin gulutin suke amfani da su. Amma giyar gargajiya ta dawa irin burkutu da fito ba ta da rukuni nata a kundin. A irin waɗannan rukunai wajibi ne mai shiga gasa ya rubuta nau'in giyar da ya ɗora a kai da abin da ya ƙara. A nan mutane da yawa suke cutar kansu: duk abin da aka ambata a takarda, alƙali zai neme shi a kofi, idan bai ji shi ba ya rage maki. Wanda ya lissafa kayan yaji biyar, biyu kawai suka fito, ya fi wanda ya ambaci biyun asara.

Shiga gasa

Ana yin rajista ta intanet, a biya kuɗin shiga kan kowace giya. Abu mafi muhimmanci a wannan mataki shi ne zaɓen rukuni. Shawarar da gogaggu suke bayarwa ita ce mutum ya manta da abin da ya yi niyyar dafawa, ya ɗanɗana abin da ya samu, ya karanta kundin, sannan ya zaɓa. Giyar da aka so ta zama IPA amma ɗacinta bai kai ba za ta fi samun maki a rukunin da ke ƙasa da ita a ƙarfi. Gasanni da dama suna barin a shigar da giya ɗaya a rukunai biyu idan an biya kuɗi biyu, wasu kuma suna yin haka da gangan don su ga inda ta fi dacewa.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Ƙamshin furen hop yana gushewa cikin makonni, saboda haka IPA da giyar alkama ana dafa su dab da ranar rufe karɓa. Giya mai ƙarfi kuwa, wadda barasarta ta kai kashi 9 ko 10, takan buƙaci watanni kafin zafinta ya kwanta.

Ana neman kwalba biyu ko uku na kowace giya, galibi mai cin mililita 355, ɗaya ta zagayen farko, sauran na zagayen gaba idan ta haye. An fi son kwalba mai ruwan ƙasa domin tana tare haske. Ba a yarda da wata alama a jikinta da za ta nuna mai ita, har marfin ma idan yana da rubutu sai an shafe shi da baƙin alƙalami. Takardar shaida ana ɗaura ta da roba, ba a manna ta da salatif ko gam, domin masu shirya gasa za su cire ta su sa lamba. Hukumar gidan waya ta Amurka ba ta ɗaukar barasa, don haka ko dai mutum ya kai kwalabensa wurin karɓa, wanda sau da yawa shagon kayan dafa giya ne, ko ya aika ta hannun kamfanin jigila. Giya da yawa a hanya suke lalacewa, ta hanyar zafi, girgiza ko fashewar kwalba. Wata kuma tun wurin ɗurawa take samun matsala, idan iska ta shiga kwalbar.

Yadda ake alƙalanci

A ranar gasa ana raba giyar kowane rukuni zuwa jeri-jeri, kowane jeri kamar giya 6 zuwa 12, a ba alƙalai biyu ko uku, ana haɗa gogagge da sabo. Ba a barin alƙali ya zauna a rukunin da ya shigar da tasa giyar. Akwai masu hidima da suke ɗauko kwalabe daga firji, su kawo kofuna da ruwa da biskit marar gishiri na wanke baki, su kuma duba lissafin maki. Da yawan alƙalai daga wannan aiki suka fara. Ana hana turare, taba da man leɓe a zauren, kuma ana fara jeri da giya marar ƙarfi a ƙare da mai ƙarfi don kada harshe ya mutu da wuri. Wasu gasannin sukan fara da giya ɗaya da kowa zai ba maki, domin a ga wanda hannunsa ya cika sake da wanda ya cika tsauri.

Alƙali yakan fara da duba kwalbar: yawan abin da aka ɗura, da ko akwai zobe a wuyanta, wanda yake iya zama alamar ƙwayoyin cuta. Sai a zuba ɗan kaɗan a kofi, a shinshina nan take, domin wasu ƙamshin ba sa daɗewa. Bayan haka a duba launi da kumfa, sannan a kurɓa. Alƙalan giyar inabi sukan tofar da abin da suka ɗanɗana, amma na giyar hatsi haɗiyewa suke yi, saboda ɗacin da yake saura a maƙogwaro yana cikin abin da ake aunawa. Kowace giya takan ɗauki kamar minti 10 zuwa 15.

Takardar makin BJCP ta kasa maki 50 kamar haka: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, sai hukuncin gaba ɗaya 10. Kamanni shi ne mafi ƙarancin maki, ko da yake shi sababbin masu dafawa suka fi damuwa da shi. Daga 45 zuwa 50 giya ce da ta kai matsayin abin misali a duniya, kuma da wuya a ga irin wannan maki. Daga 38 zuwa 44 mai kyau ce ƙwarai, 30 zuwa 37 ta dace da nau'inta da 'yan kurakurai, 21 zuwa 29 ta kauce wa nau'in ko tana da aibi, 14 zuwa 20 aibinta ya fito fili, 13 zuwa ƙasa kuma ba ta shaɗuwa. Alƙalai da yawa ba sa sauka ƙasa da 13, don kada su karya gwiwar mai koyo.

Kowane alƙali yakan cike takardarsa shi kaɗai ba tare da magana ba, sai sun gama su tattauna. Ana so tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce maki 7, wasu gasannin ma 5. Idan ta wuce, sai kowa ya faɗi abin da ya ji, a sake ɗanɗanawa, ɗaya ko dukansu su gyara. Daga nan a tsayar da maki ɗaya na giyar.

Aibobin da ake nema

Rabin aikin alƙali gane aibi ne da sanin inda ya fito. Dayasetil yana ba giya ɗanɗanon man shanu da santsi a harshe, kuma yakan faru idan aka raba giya da yis kafin ya gama aikinsa. Asetaldihaid yana ƙamshin ɗanyen tuffa, alamar giyar ba ta nuna ba. DMS yana kama da dafaffiyar masara, yana fitowa daga tsiron sha'ir idan ba a tafasa ruwan sosai ba ko aka rufe tukunya. Giyar da iska ta shiga takan yi warin jiƙaƙƙen kwali, launinta ya yi duhu. Wadda hasken rana ya buga a farar kwalba ko koriya takan yi wari irin na bodari. Ruwan famfo mai kulorin yana haifar da ɗanɗanon magani, kamar na filasta. Idan yis ya yi aiki cikin zafi da yawa, giyar takan yi zafin barasa mai ƙona maƙoshi. Bauri kuma, irin na ɗanyen goro, yakan zo daga ɓawon hatsin da aka wanke da ruwa mai zafi fiye da kima.

Abin da ya sa aikin yake da wuya shi ne aibi a wani nau'i ado ne a wani. Ƙamshin ayaba da kanumfari wajibi ne a Weissbier, amma idan aka ji shi a laga an samu matsala. Tsami laifi ne a yawancin giya, shi ne kuma ginshiƙin lambik ta Beljiyam. Ɗan dayasetil kaɗan an yarda da shi a lagar ƙasar Cek, ba a yarda da shi a ta Jamus ba. Alƙali nagari ba ya tsayawa kan ambaton aibi, yakan faɗi yawansa, ya kuma ba da shawarar gyara ba tare da ya yi kamar ya ga yadda aka dafa giyar ba. Masu shiga gasa da yawa wannan sharhin suke biya wa kuɗi, fiye da lambar yabo, domin abokai da dangi ba sa faɗa wa mutum gaskiya kan giyar da ya ba su kyauta.

Lambobin yabo

A kowane rukuni ana ba da zinare, azurfa da tagulla. Idan rukunin ya yi girma har aka raba shi jeri biyu ko fiye, kowane tebur yakan tura gwanayensa biyu ko uku zuwa wani ƙaramin zagaye, inda manyan alƙalai za su jera su gefe da gefe su zaɓa ba tare da duba maki ba. Shi ya sa giya mai maki 39 take iya doke mai 43, abin da yakan ɗaure wa sababbin shiga kai. Dalilin shi ne makin tebur biyu ba ma'auni ɗaya ba ne. A ƙarshe duk waɗanda suka ci zinare sukan haɗu a teburin fitar da zakaran gasa, inda ake cire su ɗaya bayan ɗaya har saura guda.

A gasar ƙasa ta AHA, a mafi yawan shekarunta, ana yin zagayen farko a birane dabam-dabam, uku na farko a kowane rukuni su wuce zagayen ƙarshe, muddin sun samu aƙalla maki 30. Wanda giyarsa ta zama zakara shi ake kira gwanin giyar gida na shekara. Akwai kuma kyautar Ninkasi, mai sunan allahiyar giya ta mutanen Sumer, ga wanda ya fi tara lambobi a zagayen ƙarshe. Gordon Strong, wanda ya jagoranci rubuta kundin BJCP, ya ci ta sau uku a jere daga 2008 zuwa 2010. A 2013 Annie Johnson ta zama baƙar fata ta farko da ta zama gwanar shekara, kuma da laga marar ƙarfi ta ci, nau'in da ba shi da ɗaci ko ƙamshin da zai rufe kuskure. Tun 2006 bikin Great American Beer Festival yake da sashen da kamfanin giya yake ɗaukar girkin wani da ya ci gasa su dafa tare, wanda ya zama wa wasu ƙofar shiga sana'ar.

Zama alƙali

Mai son zama alƙalin BJCP yakan fara da jarrabawa ta intanet. Idan ya ci, sai ya zauna ta ɗanɗano, inda ake ba shi giya 6 ya yi musu alƙalanci cikin minti 90, a gwada takardunsa da na gogaggun da suka ɗanɗana giyar tare da shi. Wanda ya samu 60 ya shiga matakin farko. Mataki na biyu yana buƙatar 70 da makin gogewa 5. Matakin ƙasa yana buƙatar 80 da makin gogewa 20, tare da wata jarrabawa ta rubutu, na ƙwararru kuma 90 da makin gogewa 40. Rabin makin gogewa dole ya fito daga zama a teburin alƙalanci. Aikin na sa kai ne, yawanci alƙali da kuɗinsa yake zuwa, abin da yake samu bai wuce abincin rana da makin gogewa ba.

Suka

An daɗe ana sukar gasannin da cewa sakamakonsu yana da ɗan kama da caca. Giya ɗaya takan samu 40 a wannan gasa, ta samu 28 a wata bayan mako biyu. Dalilan sun haɗa da yadda aka ajiye kwalbar, sanyin da aka zuba ta da shi, matsayinta a jeri, gajiyar harshe, da bambancin halitta, domin akwai mutanen da kusan ba sa jin dayasetil sam. Saboda haka masu gogewa sukan aika giya ɗaya gasanni uku ko huɗu, su ɗauki abin da alƙalai dabam-dabam suka maimaita, su yi watsi da sauran.

Wata sukar ta shafi kundin kansa. Masu ita suna cewa yana daskarar da nau'o'in da a ƙasashensu na asali suke canzawa, yana kuma kallon giyar Turai da idon Ba'amurke. BJCP ta sha bayyana cewa kundin jagora ne na gasa, kada a ɗauke shi doka ga masu dafawa, kuma yakan biyo bayan abin da mutane suke sha. IPA mai gurɓin launi da ta fito daga yankin New England ta yi shekaru ana rage mata maki saboda rashin haske, kafin a karɓe ta na wucin gadi a 2018, ta samu lamba 21C a bugun 2021. An kuma ƙara wani sashe na nau'o'in da aka fi sani a gasannin wasu ƙasashe, kamar Dorada Pampeana ta Ajantina da Catharina Sour ta Brazil, giyar alkama mai tsami da ake zuba wa 'ya'yan itacen ƙasar.